Neman Fuskar Allah: Aikin Farko na Mai Hidima

Akwai tambayar da ɗalibai kan yi duk sa'ad da muka zo kan wannan batu a aji: in Allah yana ko'ina, kuma Ruhu Mai Tsarki yana zaune cikin kowane mai bi, me ya sa za a ce mu nemi Allah? Ai abin da ya ɓata ake nema. Tambayar tana da kyau, kuma amsarta ta shafe mu masu hidima fiye da kowa. Mutum yana iya riƙe ikilisiya shekara ashirin, yana wa'azi kowace Lahadi, yana yi wa mutane baftisma, yana ɗaura aure, yana binne matattu, alhali ya daɗe rabonsa da tsayawa gaban Allah don kansa. Aikin yana tafiya, rahoto yana kaiwa ofishin gunduma a kan lokaci, ba wanda ya lura. Wannan darasi zai duba abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da neman Allah, da dalilin da ya sa ya zama dole, da hanyoyin da Allah da kansa ya tanada domin haka.

Ma'anar kalmar

A cikin Ibrananci, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, kalmar da ake amfani da ita don kasancewar Allah tare da mutanensa ita ce panim, wato fuska. Inda fassara ta ce mutum ya tsaya a gaban Ubangiji, sau da yawa abin da ke rubuce a asali shi ne ya tsaya wajen fuskarsa. Gurasar nan da ake ajiyewa a kan tebur cikin alfarwa ta sujada, sunanta na asali gurasar fuska (Fitowa 25:30). Albarkar da aka umarci Haruna da 'ya'yansa su sa wa Isra'ila ta ambaci fuskar Ubangiji har sau biyu (Littafin Ƙidaya 6:24-26). Zabura 27:8 da 2 Tarihi 7:14 duka suna magana a kan neman wannan fuska.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Mun san bambancin wanda ya sake maka fuska da wanda ya ɗaure maka ita. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutum yana iya zama gida ɗaya da mahaifinsa, suna cin abinci daga tukunya ɗaya, amma in akwai matsala a tsakaninsu, ɗan ya san bai ga fuskar uban ba ko da kullum yana ganinsa da ido. Neman fuskar Allah shi ne neman Allah kansa: yardarsa, zumuncinsa, muryarsa, da sanin cewa babu wani abu da ya shiga tsakani.

Akwai kuma kalmomi biyu da ake fassarawa da nema. Ɗaya ita ce bakash, wadda ake amfani da ita ga wanda ke neman abin da yake bukata, kamar yadda Saul ya fita neman jakunan mahaifinsa. Ɗayar ita ce darash, wadda ta ƙunshi yawan zuwa wuri da tambaya da bincike. Irmiya 29:13 ya haɗa su biyun a aya ɗaya. Dukansu kalmomin aiki ne. Ba a yin su a kwance ana jiran abin da zai faɗo.

Allah yana ko'ina, amma ba kowa ke tare da shi ba

Domin mu amsa tambayar ɗaliban nan, sai mu rarrabe abubuwa uku. Na farko, Allah yana ko'ina domin shi ne Mahalicci. Zabura 139 ta nuna babu inda mutum zai gudu ya ɓuya masa, ko sama, ko lahira, ko ƙarshen teku. Wannan ba ya bukatar nema, kuma ya shafi mai bi da marar bi daidai wa daida. Na biyu, Allah yana tare da mutanensa ta wurin alkawari. Ya yi wa Ibrahim, da Musa, da Joshuwa wannan alkawari, Yesu kuma ya rufe Bisharar Matiyu da shi. Wannan ma ba mu muka saye shi da ƙoƙarinmu ba. Na uku shi ne zumuncin da mai bi yake yi da Allah da saninsa, yana sauraro, yana amsawa, yana biyayya. Wannan na uku shi ne yake ƙaruwa ko ya ragu, shi ne kuma ake nema.

Labarin Yakubu a Betel ya nuna bambancin (Farawa 28). Ya kwanta ya yi matashi da dutse, yana gudun ɗan'uwansa. Da ya farka daga mafarki sai ya shaida cewa Ubangiji yana wurin tun farko, shi ne dai bai sani ba. Allah bai iso wurin da tsakar dare ba. Abin da ya sauya shi ne idon Yakubu. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya rayu daga shekara ta 354 zuwa 430, ya ba da irin wannan shaida a kan kansa. Ya daɗe yana yawon neman gamsuwa cikin ilimi da suna da sha'awar jiki, daga baya ya gane Allah yana kusa da shi duk tsawon lokacin, shi ne ya yi nisa.

Wa ya fara neman wani?

Kafin mu yi maganar ƙoƙarinmu, dole mu kafa wannan da kyau, in ba haka ba za mu mai da neman Allah wata sabuwar shari'a mu ɗora wa kanmu da jama'armu. A Farawa 3, mutum ne ya ɓuya, Allah ne ya zo yana kira. Bulus ya faɗa a Romawa 3 cewa in an bar ɗan Adam da halinsa, ba ya neman Allah. A Luka 15 makiyayi ne ya bi tunkiya, mace ce ta share ɗaki don kuɗinta. Duk marmarin Allah da ka taɓa ji a zuciyarka, amsa ce ga kiran da ya riga ya yi.

Cikar wannan nema na Allah ita ce zuwan Almasihu. Kalmar Helenanci da Yahaya 1:14 ya yi amfani da ita don zaman Yesu a cikinmu tana da tushe ɗaya da kalmar alfarwa, wato Allah ya kafa alfarwarsa a tsakiyar mutane. A tsohon tsari, babban firist kaɗai ke shiga Wuri Mafi Tsarki, sau ɗaya a shekara, da jini a hannunsa (Littafin Firistoci 16). Ranar da Yesu ya mutu labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa. A kan wannan ne Ibraniyawa 10:19-22 ya kafa gargaɗinsa cewa mu matso kusa da gaba gaɗi. Lura da tsarin maganar: an buɗe hanya, saboda haka ku shigo. Ƙofar da aka buɗe ba ta amfanar wanda ya zauna a waje. Alheri bai kawar da nema ba, shi ne ya sa nema ya zama mai yiwuwa. Yakubu 4:8 da Ibraniyawa 11:6 an rubuta su ne ga masu bi, kuma dukansu suna kiran masu bi su matso, su nema.

Musa da tayin da ya ƙi karɓa

Babu sura da ta fi Fitowa 33 dacewa da mai hidima a wannan batu. Jama'a sun yi sujada ga ɗan maraƙin zinariya. Allah ya ce wa Musa ya tashi da su zuwa ƙasar alkawari. Zai aiko mala'ika a gabansu, zai kori mazaunan ƙasar, za su sami ƙasa mai albarka kamar yadda aka faɗa. Abu ɗaya ne kawai ba zai yi ba: shi da kansa ba zai tafi a tsakiyarsu ba, domin taurinkansu zai jawo musu hallaka.

Mu tsaya mu auna wannan tayi. Akwai nasara a ciki, akwai kariya, akwai cikar alkawari, har da mala'ika. In aka zo da irinsa wa yawancinmu a yau, aka ce ikilisiyarka za ta cika, za a gama ginin, baiko zai ninka, za a san sunanka, sai dai Allah kansa ba zai kasance a ciki ba, mu nawa ne za su lura akwai abin da ya rage? Musa ya lura. Ya ce in haka ne gara a bar su a jeji. Dalilinsa kuwa shi ne, ba abin da ya bambanta Isra'ila da sauran al'umman duniya sai tafiyar Allah tare da su (aya 15 da 16). Haka yake ga ikilisiya. In aka cire Allah, abin da ya rage ƙungiya ce mai shugabanni da asusu da ranakun taro, kamar kowace ƙungiyar gari.

Abubuwa uku ne za mu ɗauka daga surar. Musa yana da wurin da ya keɓe, wata alfarwa a bayan zango, kuma duk mai neman Ubangiji sai ya fita ya je can (aya 7). Ke nan akwai tashi da barin hayaniya. Sa'an nan, bayan Allah ya amsa roƙonsa, Musa bai ce ya isa ba, ya ƙara roƙon ganin ɗaukakarsa. Wanda ya ɗanɗana shi ne ya fi jin yunwa. Na uku, amsar da ya samu a sura ta 34 ita ce shelar sunan Allah da halinsa: jinƙai, alheri, jinkirin fushi, aminci, da adalci. Ganin ɗaukakar Allah ya zo masa ta hanyar magana. Da ya sauko, fuskarsa tana haske, amma shi bai sani ba, jama'a ne suka gani (34:29). Mutumin da yake yawan shelar cewa shi yana tare da Allah, a yi hattara da shi.

Haɗarin da ya keɓanta ga mai hidima

Manomi ko ɗan kasuwa in ya daina addu'a da karatun Maganar Allah, nan da nan yakan gane, domin ba abin da ya maye gurbinsu. Fasto kuwa kullum Littafi yana hannunsa, kullum yana addu'a a bakin gadon marar lafiya ko a wurin suna. Saboda haka yana da sauƙi ya ɗauka shirin wa'azi shi ne cin abincinsa. Mai dafa tuwon biki yana iya wuni a bakin murhu ya kwana da yunwa.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalai masu ban tsoro. Samson ya farka yana tsammani zai yi yadda ya saba, bai san Ubangiji ya rabu da shi ba (Mahukunta 16:20). 'Ya'yan Eli sun ɗauko akwatin alkawari zuwa bakin daga, jama'a suka yi sowa har ƙasa ta amsa, amma aka ci su da yaƙi aka kuma ƙwace akwatin (1 Sama'ila 4). Suna da kayan sujada da ƙarar murya, ba su da tuba. Ikilisiyar Afisa tana da aiki tuƙuru da haƙuri da sahihiyar koyarwa, duk da haka Ubangiji ya ce ta bar ƙaunarta ta farko, ya kuma yi mata kashedin kawar da fitilarta (Wahayin Yahaya 2:1-7).

Labarin Sarki Asa ya fi kusa da waɗanda suka daɗe a aiki (2 Tarihi 14 zuwa 16). A farkon mulkinsa, da Zera mutumin Kush ya zo da runduna mai yawa, Asa ya yi kuka ga Ubangiji ya sami nasara. A shekara ta 15 ta sarautarsa ya jagoranci jama'a suka yi alkawarin neman Allah da zuciya ɗaya. Amma a shekara ta 36, da Ba'asha sarkin Isra'ila ya matsa masa, sai ya kwashi azurfa da zinariya daga taskar Haikali ya aika wa sarkin Dimashƙu don ya taimake shi. Dabarar ta yi aiki. Da annabi Hanani ya tsawata masa, ya jefa shi kurkuku. A shekara ta 39 ya kamu da ciwon ƙafa, har a lokacin bai nemi Ubangiji ba. Nassin bai hana zuwa wurin likita ba, abin da ya nuna shi ne zuciyar da ta saba warware al'amuranta ba tare da Allah ba. Asa bai koma bautar gumaka ba. Ya dai ƙware, ya san mutane, ya san hanyoyi, har ya daina jin bukatar durƙusawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyoyin da Allah ya tanada

Masanan tauhidi sukan kira waɗannan hanyoyin alheri. Ba su tilasta wa Allah ya zo, amma su ne wuraren da ya yi alkawarin saduwa da mu. Zumunta a ƙafa take, kuma ga inda ƙafar za ta bi.

Ta farko ita ce Maganar Allah, a karanta ta don kai. Ka ware karatun da ba shi da alaƙa da wa'azin Lahadi. Ka ɗauki littafi ɗaya ka bi shi a hankali, kana tambaya me Allah yake nuna maka game da kansa da kuma kai. A shekara ta 1535 Martin Luta ya rubuta wa wanzaminsa mai suna Bitrus wata 'yar wasiƙa a kan yadda ake addu'a. Ya ba shi shawara ya ɗauki Dokoki Goma, ko Shaidar Bangaskiya, ya bi su sashe sashe, a kowane sashe ya yi abu huɗu: ya ga abin da ake koya masa, ya yi godiya a kai, ya furta inda ya kasa, sa'an nan ya roƙi taimako. Ya kuma tuna masa cewa wanzamin da hankalinsa ya bar aska zai yanki mutum, haka ma addu'ar da hankali ya rabu. Wannan tsari yana aiki da kowace aya, kuma za ka iya koya wa dattijon da bai yi makaranta mai zurfi ba.

Ta biyu ita ce addu'a a keɓe, a lokacin da aka tsayar. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu, bayan ranar da ya yi ta warkar da mutane har dare, ya tafi inda ba kowa. Da almajirai suka same shi suka ce kowa na nemansa, bai koma ya ci gaba daga inda ya tsaya ba, ya ce su wuce wasu garuruwa. A wurin addu'a ya sami ikon ƙin abin da jama'a ke so domin abin da Uba ya aiko shi. Luka 5:16 ya nuna wannan al'adarsa ce. Gidan fasto a wurinmu ba ya rabuwa da baƙi, kuma ba ma korar mai sallama. Don haka lokacin da ya fi tsira shi ne kafin gari ya waye, ko kuwa ka shiga ɗakin sujada sa'ad da ba kowa. Ka bar waya a wani ɗaki. Wanda ya fara buɗe saƙonnin WhatsApp kafin ya buɗe Littafi, ya riga ya ba wasu muryoyi wurin da ya kamata Allah ya fara magana. Rabin sa'a kowace rana ya fi kwana uku a kan dutse sau ɗaya a shekara, ko da yake keɓewa ta yini guda lokaci lokaci tana da nata amfani.

Ta uku ita ce tuba da gyara tsakaninka da mutane. Ishaya 59:1-2 ya ce matsalar ba daga hannun Allah ko kunnensa take ba, zunubi ne ke sa a ɓoye fuska. Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya fara zuwa su shirya (Matiyu 5:23-24). Bitrus ya gargaɗi maza cewa rashin girmama matansu yana tare addu'arsu (1 Bitrus 3:7). In akwai kuɗin ikilisiya da ba a bayyana yadda aka kashe ba, ko gaba da wani dattijo, ko matar gida da take kuka a ɓoye, ƙarin azumi ba zai rufe wannan ba.

Ta huɗu ita ce azumi. Shugabannin ikilisiyar Antakiya suna cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 13:1-3). Azumi yana koya wa jiki cewa akwai yunwar da ta fi ta ciki. Sai dai Ishaya 58 ya ja kunne: azumin da ake yi ana zaluntar ma'aikata ana hana mayunwaci abinci, Allah ba ya dubansa.

Ta biyar ita ce taron masu bi da Jibin Ubangiji. Inda Bulus ya ce ku haikalin Allah ne a 1 Korantiyawa 3:16, jama'a yake nufi gaba ɗaya. Almajiran nan biyu na hanyar Imuwasu sun gane Ubangiji ne a wajen gutsuttsura gurasa, bayan ya buɗe musu Nassi (Luka 24). Wahalar mai hidima ita ce yana jagorantar sujada ba tare da ya yi sujada ba, hankalinsa yana kan agogo da sanarwa. Ka shirya komai tun ranar Asabar domin ka sami damar rera waƙa da zuciyarka. Ka kuma sami ɗan'uwa ɗaya a cikin aiki wanda za ku riƙa addu'a tare, wanda yake da izinin tambayarka yadda ranka yake.

Ta shida ita ce tuna Allah a tsakiyar aikin yau da kullum. Wani mutum da aka sani da Ɗan'uwa Lorens, tsohon soja, ya yi hidima a wani gidan masu ibada a birnin Faris na Faransa har ya rasu a 1691. Ba firist ba ne. Ya yi shekaru a ɗakin girki, aikin da ba ya so a halittarsa, daga baya aka mai da shi gyaran takalma. Ya horar da kansa ya riƙa yin gajeriyar magana da Allah kafin ya fara aiki, da lokacin da yake yi, da bayan ya gama, in hankalinsa ya kauce kuma ya komo da shi ba tare da dogon zargin kai ba. Bayan mutuwarsa aka tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa, har yau ana karanta su. Fasto da yake noma don ciyar da iyalinsa, ko yake doguwar tafiya a kan babur zuwa ƙauyukan da yake kula da su, yana da wannan dama kowace rana.

Kurakurai uku da za mu gyara a koyarwarmu

Na farko shi ne ɗaure Allah ga wani wuri ko wani abu. Mutanenmu da yawa suna ganin sai an hau wani dutse, ko an sami wani mai ko ruwa daga hannun wani mutum, kafin a sadu da Allah. Amos 5:4-5 ya ce wa Isra'ila su nemi Ubangiji su bar neman Betel, wurin da Yakubu ya taɓa ganin wahayi. Yesu ya gaya wa Basamariya cewa zancen wannan dutse ko wancan ya wuce (Yahaya 4).

Na biyu shi ne auna kasancewar Allah da abin da jiki ya ji. Hawaye da rawar jiki da murna suna iya zuwa, ba kuma za mu raina su ba. Amma ganga mai kyau ma tana motsa jiki. A Dutsen Horeb an yi iska da girgizar ƙasa da wuta, Ubangiji kuwa ya yi wa Iliya magana cikin 'yar murya marar ƙarfi (1 Sarakuna 19). Ma'aunin da Yesu ya bayar a Yahaya 14 da 15 shi ne kiyaye maganarsa, da ƙauna, da ba da 'ya'ya.

Na uku shi ne neman hannun Allah a bar fuskarsa. Taron da ya bi Yesu zuwa Kafarnahum ya sha wahalar nemansa, amma ya gaya musu gurasa ce ta kawo su (Yahaya 6:26). Roƙon biyan bukata ba laifi ba ne, shi ya koya mana mu roƙi abincin yini. Gwaji ga mai hidima ya fi wannan zurfi: neman Allah don a sami iko a bagade, kamar yadda Siman na Samariya ya so ya sayi baiwar da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8). Wanda yake zuwa gaishe ka sai ranar da yake da bukata, ka san matsayinka a wurinsa.

Sa'ad da ka nema ka ji shiru

Wannan zai faru, kuma ya kamata mu shirya kanmu da jama'armu. Zabura 13 da 22 da 42 addu'o'in mutanen da suke jin Allah ya ɓoye fuskarsa ne. Zabura 88 ta ƙare ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba, amma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin sujada domin mu san irin wannan kuka ma addu'a ce. In ka shiga wannan hali, ka fara bincika ko akwai zunubin da ka sani. In babu, ka duba jikinka: kafin Allah ya yi wa Iliya magana, sai da ya bar shi ya yi barci ya kuma ciyar da shi sau biyu. Bayan haka ka ci gaba da zuwa. Alkawarin yana nan ko ka ji ko ba ka ji ba. Ayuba ya jira tsawon surori masu yawa, a ƙarshe ya shaida cewa gani ya kori ji (Ayuba 42:5).

Wasu cikin masu karanta wannan darasi suna kiwon jama'ar da rikici ya raba da garuruwansu, aka ƙone ɗakunan sujadarsu. Ku tuna cewa alkawarin Irmiya 29:13 wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, mutanen da suka yi nisa da Haikali kuma aka ce musu zaman zai kai shekara 70. Ezekiyel ya ga ɗaukakar Allah a bakin kogin Kebar, a ƙasar bauta, Allah kuma ya ce shi da kansa zai zama musu wuri mai tsarki a inda aka warwatsa su (Ezekiyel 11:16). Ikilisiyar da take taruwa a ƙarƙashin itace ba ta rasa komai na wannan alkawari ba.

Abin da ya rage gare mu

Da aikin rabon abinci ya yi yawa a Urushalima, manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe shi, domin su kansu su dage ga addu'a da hidimar Maganar (Ayyukan Manzanni 6:1-4). Addu'a suka fara ambata. Wannan yana nufin za ka zauna da dattawanka ku duba ayyukan da wani zai iya ɗauka, ka kuma bayyana wa ikilisiya cewa lokacin da kake a keɓe yana cikin aikin da suka kira ka ka yi. Jama'a za su iya samun mai tsara taro a ko'ina. Abin da suke bukata daga makiyayinsu shi ne abin da majalisar Yahudawa ta gani a kan Bitrus da Yahaya, cewa mutanen nan sun zauna tare da Yesu (4:13). Mai nema yana tare da samu, kuma ƙarshen wannan nema an riga an faɗe shi a Wahayin Yahaya 22:4, inda bayin Allah za su ga fuskarsa.

Tambayoyi don nazari da tattaunawa

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin kasancewar Allah a ko'ina, da kasancewarsa ta alkawari, da zumuncin da ake nema. Wane misali za ka ba sabon mai bi don ya gane?

2. Karanta Fitowa 33 duka. Wane irin tayi ne mai kama da wanda Musa ya ƙi yake fuskantar masu hidima a yankinku?

3. Bi rayuwar Asa daga shekara ta 15 zuwa ta 39 ta sarautarsa. A ina sauyin ya fara, kuma waɗanne alamu ne za su nuna wa mai hidima ya hau wannan hanya?

4. Ɗauki Zabura 63 ka yi addu'a da ita bisa matakai huɗu na Luta har kwana bakwai. Rubuta abin da ka koya ka kawo wa ƙungiyar nazarinku.

5. Yaya za ka amsa wa mai bin da ya ce maka ya yi wata shida yana addu'a amma yana ji kamar Allah ya juya masa baya?